Fuskar Baba, Ɗigo-Ɗigo

Abu ɗaya Inna ta roƙe ni kafin a kawo ta Alkahira aikin ido. Ba ta tambayi likita ba, ba ta tambayi jirgi ba, ita da ko Kaduna ba ta taɓa wucewa ba. Muna waya, layin yana ta shuu kamar ana soya ƙosai, sai ta ce, "Auta, hoton nan na babanku yana wurinka ko?" Na ce yana nan. Ta ce, "To, ka ajiye shi kusa. In an buɗe mini ido, shi nake so in fara gani." Daga nan ta koma tambayar ko ana samun kuka da daddawa a Masar, kamar ba ita ta yi maganar ba. Wanda ya san Inna ya san nauyin abin. Tun tasowata ban taɓa jin ta kama sunan Baba ba, sai dai "Malam" ko "babanku", shi ma sai ta kama dole.

Na ajiye waya. Hoton yana wurina, ban yi mata ƙarya ba, amma ba yadda take zato ba.

Ina goye Baba ya rasu. Mai ɗinkin hula ne a bakin kasuwa, kuma sau ɗaya tak ya taɓa zama gaban mai hoto. Hoton baƙi-da-fari ne, bai fi tafin hannu ba, yana kwance a ƙasan kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwanta na adana. Ina yaro takan fito da shi jefi-jefi, in kalla, ta mayar. Abin takaici, hular na riƙe a kaina da farar rigar, fuskar kuwa ban riƙe ba. Wa ya ce mini zan buƙace ta?

Yaya shi ne babba a gidanmu, shi ya riƙe mu, shi ya turo ni Masar karatun addini. Mutumin kirki ne wallahi, amma in ya ɗauki magana ko da igiya ba ka janye shi. Ya ji a wurin karatu cewa hoto a gida yana hana mala'iku shiga, wani kuma ya ƙara masa da cewa na cikin kwamfuta ba komai, haske ne kawai. Shi ke nan, Yaya ya sami mafita. Ya ɗauki hoton ya kai shagon kwamfuta a garinmu, aka ɗora a sikana. Layin intanet na lokacin tafiyar hawainiya yake yi, don haka mai shagon ya matse hoton ya mai da shi ɗan ƙiris don ya wuce ta imel. Yaya ya aiko mini, har da murnarsa: ya ajiye Baba inda gara da ruwa ba za su taɓa shi ba. Sannan ya koma gida ya ƙona na takardar. Inna kuwa yanar ido ta riga ta rufe mata gani, abin da aka gaya mata kawai shi ne hoto yana wurin Auta.

Ranar da na buɗe saƙon na kira shi nan take. Na ce ya koma shagon ya karɓo babban, kafin a matse. Ya koma, aka ce an daɗe da share shi. Da na ɗaga murya sai ya ce, "Haba Auta, ba kai ne mai kwamfuta ba? Ka ƙara masa girma mana." Kai! Da a gabana yake, ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Ga yadda na zama mai kwamfutar. A ƙarshen shekarun casa'in ina zaune a unguwar Hay el-Sabi' tare da ɗalibai 'yan'uwana, ina da hannun zane da rubutun ado. Wani maƙwabcinmu Bamisire ya gani, ya kai ni wani ɗan kamfani a unguwar Ma'adi, shaƙƙa ce kawai, wato 'yan ɗakunan haya, a ƙasan bene, an cika ta da injuna da hayaƙin taba. Mai wurin gajere ne, mai faɗa, kowa bashmuhandis yake ce masa, wato babban injiniya. Da farko haruffa masu yawo muke yi wa tallan talabijin. A hankali karatu ya koma rabi, aiki ya cinye sauran.

A wurinsa na koyi cewa hoton kwamfuta ɗinkin hula ne. Daga nesa fure kake gani, ka matso sai ka ga zare ne aka soka ɗaya bayan ɗaya. Su biksil suke cewa, ni ɗigo nake ce masa. In muka gina abu a cikin inji, muka sa masa launi da fitila, sai mu bar injin ya lissafa kowane ɗigo: nan haske, nan inuwa. Su rendar suke kiran wannan, ni kuwa dahuwa, don haka yake: ka ɗora, ka rufe, ka tafi. Mukan kunna da yamma mu dawo da safe mu tarar bai nuna ba. Yawan ɗigo, daɗewar dahuwa. Fim kuwa ba hoto ɗaya ba ne, kafin ka ƙifta ido an ci hotuna da yawa.

Aikin silima na farko da muka samu wani jirgin ruwa ne na zamanin da, mai filafilai, yana tafiya a kan kogin Nilu. Lokaci ya ƙure mana, bashmuhandis ya ce, "Yalla, maza, a dafa a girman talabijin, wa zai gane?" A gilashin kwamfutarmu jirgin ya yi kyau har muna tafa wa juna. Ranar gwaji aka haska shi a babban farin allo na gidan silima. Innalillahi. Gefen filafilan nan da muka san shi sumul ya koma matakala, igiyoyin suna tsinkewa suna haɗewa, ruwan ya zama dandamalin tayil. Darakta bai ma zage mu ba, dariya ya yi, wadda ta fi zagi ciwo. A mota bashmuhandis ya zuƙi tabarsa ya ce da ni, "Ya ibni, ɗana, inji bai san abin da ba ka ba shi ba. Allo in ya girma, ƙaryarka yake girmamawa." Muka koma muka sake dafawa tun daga farko, aka wuce wurin.

Jirgi ya sake dahuwa ne don ƙashinsa, wato asalin gininsa, yana cikin injinmu. Baba kuwa ba shi da ƙashi a ko'ina, sai 'yan ɗigon nan da mai shago ya ga dama ya bar mana.

Da aka sa ranar zuwan Inna, sai na zama kamar mahaukaci. In aka tashi aiki da la'asar in zauna in buɗe hoton. A girmansa na asali bai fi kan sarki na wasiƙa ba, ana ganin mutum da hula. Ina ƙara masa girma sai ya tarwatse: ido ɗaya 'yan murabba'ai baƙaƙe, baki layin toka-toka, hanci babu shi sam. Na gwada duk dabarar da na sani. Na shafe gefunan murabba'an don su narke cikin juna, sai fuskar ta zama kamar an leƙa ta ta gilashin da aka shafa wa man gyaɗa.

Wata rana bashmuhandis ya tsaya a bayana, ya ce wane ne wannan. Na ce mahaifina ne, kuma shi ke nan abin da ya rage. Ya ce, "Ma'alish," wato in yi haƙuri, ya ajiye mini makullin ofis a kan tebur, ya ce babban injin nawa ne duk ranar Juma'a.

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauki hotona da na Yaya, tunda kowa yana cewa da Baba muke kama. Na gina fuska a kan 'yan murabba'an nan, inda baƙi yake in sa ido, inda haske yake in ɗaga ƙashin kunci. Na ari hancin Yaya, na ari bakina, na zana hular zare-zare har sai da idona ya yi ja. In dawo daga masallaci in tarar injin yana gurnani, hoton yana saukowa layi-layi daga hula zuwa haɓa. Abin da ya fito kyakkyawan mutum ne, tar da shi, har gashin girarsa ana gani. Na zauna ina kallonsa ina jiran zuciyata ta ce wani abu. Ba ta ce komai ba, amma na ce ai ni ban san shi ba, mai yiwuwa Inna ta gane. Na buga uku a babbar takarda: mai murabba'ai, wanda na shafe, da wanda na gina.

Yaya ne ya rako ta. Ta iso da ƙullin kuka da yaji, tana lalube, tana mitar cewa mutanen Masar duk faɗa suke ko gaisuwa ce. Na ba ta ɗakina, mu muka yi shimfiɗa a falo. Washegari da hantsi, tana ciki, na jawo Yaya bakin taga na buɗe masa mai murabba'an. Na ce, "Ga Baba. Ga inda ka ajiye shi, gara ba ta ci ba." Na so ya yi gardama in sami na faɗa, don na daɗe ina tara masa. Sai ya riƙe takardar, ya nisanta ta, ya matso da ita, leɓensa yana motsi. Ya ce, "Auta, wallahi ban sani ba. Na ɗauka in ya shiga ya shiga ke nan." Ya zame ya zauna a ƙasa. Haushin ma sai ya rasa wurin sauka.

"Me kuke ƙus-ƙus a kai?" Inna ce, ta fito tana bin bango. Kafin mu yi wani motsi ta ji ƙarar takarda ta miƙo hannu. Ba a hana Inna abu. Ta karɓa, ta juya wajen hasken taga.

"Malam," ta ce, a hankali.

Ta ɗora yatsa a kan wani murabba'i mai ruwan toka. "Kun ga tabon nan na girarsa? Ƙyauren shago ne ya buge shi, ana saura kwana kaɗan a kawo ni." Ta gangaro da yatsan. "Ji yadda ya matse baki. Dariya yake dannewa, mai hoton ya ce kada ya motsa." Na leƙa ta kafaɗarta. Babu tabo, babu baki, babu komai sai murabba'ai. Yanar idonta ta narkar da su, ita kuma ta cike sauran daga abin da ke cikinta. Yaya ya dube ni hawaye yana zuba, fuskarsa tana cewa ka gani, an tsira. Ni kuwa tsorona ƙaruwa ya yi, don na taɓa zama a gidan silima na ga abin da ke faruwa idan allo ya buɗe.

Likita ya ce ido ɗaya-ɗaya ake yi, na dama tukuna, in ya warke a dawo a yi na hagu. Aka yi, Allah ya ba da sa'a. Ranar da aka cire bandeji ta dube ni ta kama baki. "Auta! Ashe gemu ka tara haka? Kuma ji ramarka, me kake ci a garin nan?" A tasi sai nune-nune take kamar yarinya, ga bene, ga mai keke da tiren burodi a ka. Muna shiga gida ta ga kicin ɗina ta yi salati, ta ce gara lokacin da ba ta gani. Muka yi dariya har da Yaya. Sannan ta zauna a bakin gado, ta gyara mayafi, ta ce, "To, kawo."

Na miƙa mata wanda na gina. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi Yaya, ta dube ni, ta koma kan takardar.

"Wannan kuma ɗan gidan wa ye? Hancin yayanka ne, bakinka ne. Kun haɗu kun ƙera wani bawan Allah kun sa masa hular babanku. Ni za ka yi wa wayo? Ba ni na rannan."

Na ba ta wanda na shafe. Ko minti ba ta yi ba ta kawar da kai. "A'uzubillahi, ɗauke. Kamar wanda ake hange a ƙasan ruwa. Na ce na rannan."

Ba yadda na iya. Na ba ta. Ta riƙe shi kamar yadda ta riƙe shi a bakin taga, ta juya shi, ta kife ta duba bayansa, ta sake juyowa. Yatsanta ya je daidai inda tabon yake ya tsaya.

"Ina yake?"

Ta ce, "Auta, da kai nake. Ina na ainihin, na cikin kwalla?" Sai Yaya ya durƙusa a gabanta ya faɗi komai, bai rage ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ka ƙona." Ba tambaya ba ce. Ta ajiye takardar a gefen filo, ta ce mu ja mata ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ga ido ya buɗe, ga mai ido ta ƙi kallon komai. In na ɗiga mata magani ta gode mini kamar baƙo. Yaya ya koma zaman masallaci, ba ya dawowa sai an yi isha'i. Ni kuma in je aiki in zauna ina dafa wa mutane harsunan wuta da gizagizai, ina jin haushin injin, da mai shago, da Yaya, da kaina, da sana'ar da ta iya ƙera jirgin da bai taɓa wanzuwa ba amma ta kasa dawo da girar mutum ɗaya.

Wata safiya na fito zan tafi Ma'adi, na ga ƙofarta a buɗe. Tana zaune a bakin taga, ta kare idon dama da tafin hannu, ba ta taɓa shi ba kamar yadda likita ya gargaɗe ta. Ɗaya hannun yana riƙe da mai murabba'an. Magana take ƙasa-ƙasa, tana ba shi labarin jirgin sama, wai an ba ta abinci a ɗan akushi kamar na 'yar tsana. Na koma da baya a hankali na ɗauki takalmina a hannu. Ranar ta ci tuwo.

Da lokacin aikin na hagu ya yi, muka koma asibiti, ni ne tafinta. Likita ya duba na dama ya ce tamam, wato lafiya lau, ya fara maganar ranar da za a yi ɗayan. Inna ta ce, "Gaya masa na gode, Allah ya saka. Na hagu a bar mini shi."

Na ƙi fassarawa. Na ce, "Inna, don girman Allah, daga ina muka taso? Wannan fa takarda ce, murabba'ai ne, babu kowa a ciki!" Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga likita ya ajiye biro. Ta dube ni da sabon idon nan, tar, har na ji kunya.

"Na san babu, ai na gani. Na dama ya ishe ni ganin hanya, da tsintar shinkafa, da ganinku. Wannan kuwa da shi nake ganinsa. Kai ka iya dawo mini da shi?"

Na juya na faɗa wa likita da Larabci. Ya ɗaga hannuwa sama irin na Misirawa, ya ce in gaya wa hajja yanar ba tsayawa za ta yi ba, kauri za ta yi ta yi har ta toshe idon gaba ɗaya, ta rasa hoton, ta rasa idon. Na gaya mata, kalma-kalma, ina fatan ta tsorata. Ta ɗaure bakin mayafinta ta ce, "To, kafin nan."

Khalas, magana ta ƙare. Haka suka koma. A filin jirgi Yaya ne ya riƙe takardar, an naɗe ta cikin kwali, ya ƙi yarda a sa ta cikin kaya, ya rungume ta a ƙirji har suka shige. Aka ce mini da hannunsa ya kai takardar aka sa ta a gilashi, ya kafa ƙusa a ɗakin Inna daidai inda hasken safe yake faɗowa. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Na ƙara shekaru a Alkahira. Injuna suka yi ƙarfi, abin da ke kwana yana dahuwa ya koma kafin shayi ya huce. Duk sabon injin da aka kawo, kafin a ɗora masa aikin kowa, sai na faki ido na buɗe 'yan ɗigon nan a ciki. Ba su ƙaru ba ko ɗaya.

In na kira gida nakan tambaye ta, "Inna, ya idon?" Ta san wanda nake nufi. Da farko takan ce lafiya lau. Bayan wani lokaci ta ce tabon ya daina fitowa. Daga baya ta ce bakin ma ya tafi. Kiran da na yi mata gab da wata babbar salla, na sake roƙonta ta dawo a yi aikin, tunda abin ya zo ƙarshe. Layin ya yi shuu ɗinsa, har na ɗauka ya yanke.

"Hular kawai nake gani yanzu," ta ce. "Amma ai tasa ce, shi ya ɗinka abarsa."

Sai ta tambaye ni ko na wanke kicin ɗin nan.